Tebur ɗaya, allo uku, lasifika biyu: littafin aikin haɗa ɗakin tace bidiyo

Asabar, 4 ga Janairu 2025

Kaya sun cika a ɗaki yau. Aikin kwamfutar shi ne tace bidiyo da ɗaukar murya, don haka allo uku za a jona mata, da lasifika biyu, da makirufo ɗaya. Kwamfutar tebur ce mai katin hoto na daban, wato ɓangaren da ke aika hoto zuwa allo, kuma katin yana da rami uku: DisplayPort 1.4, HDMI 2.0, da DVI-D. Babban allo inci 27 ne, ɗigo 2560 a kwance 1440 a tsaye, yana kaiwa 144 Hz, wato yana sabunta hoto sau 144 a daƙiƙa. Na biyu inci 24, 1920 da 1080. Na uku tsohon hannu ne, inci 19, 1440 da 900, VGA kaɗai gare shi. Sai akwatin sauti na USB mai shiga biyu da fita biyu, lasifika masu inci 5 waɗanda kowace ke da na'urar ƙara ƙarfi a cikinta, da makirufo irin dainamik mai wayar XLR.

Kafin a kunna komai an raba ramukan a takarda. DisplayPort na babban allo ne, domin shi ya fi faɗin hanya. Nau'in 1.4 yana ɗaukar kusan gigabit 26 na ainihin bayani a daƙiƙa, HDMI 2.0 kuwa gigabit 18 ne jimlarsa, abin da ke isa ga hoto bai kai haka ba. Allon 1440 a kan 144 Hz yana cin wajen gigabit 14, wato yana gab da cika HDMI, amma a DisplayPort akwai sauran fili. HDMI ya tafi ga inci 24, DVI-D ga tsohon.

Wayoyin duka a jikin katin hoto za su shiga, ramukan da ke kwance can ƙasa a bayan akwatin kwamfuta. Ramukan sama da ke kusa da na USB na madabod ne, babban faifan da sauran kayan cikin kwamfuta ke zaune a kai, kuma madabod da yawa kan kashe su da zarar an sa kati na daban. Wanda ya jona can zai ga baƙin allo, ya zaci allon ne ya mutu.

Litinin, 6 ga Janairu

Babban allo da na biyu sun kama ba gardama. Tsohon ne ya ƙi.

Ɗan adaftan DVI zuwa VGA da aka sayo, irin wanda ba komai a cikinsa sai ƙarfe, ko shiga ramin bai yi ba. Dalili a fili yake ga wanda ya duba bakin ramin da fitila. DVI-I yana da ƙananan ramuka huɗu kewaye da faffaɗan harshen nan na gefe, ta nan siginar analog ke fita. DVI-D ba shi da su, dijital zalla yake bayarwa, VGA kuwa analog zalla yake ci. Ko da an karya ƙafafu huɗun an cusa adaftan da ƙarfi, babu abin da zai bi ta ciki. Abin da ake bukata shi ne mai juyawa wanda ke da ɗan guntun lantarki a ciki. An sayo shi da yamma.

Hoto ya zo, amma a kan 1024 da 768, komai ya baje ya yi faɗi, kuma 1440 da 900 ba ya ma cikin jerin zaɓi. Kowane allo yana ɗauke da ɗan bayanin kansa da ake kira EDID, inda yake gaya wa kwamfuta sunansa da yawan ɗigon da yake iyawa. A wayar VGA bayanin nan ta ƙafa ta 12 da ta 15 yake bi. Da aka gwada wayar da mitar awon wuta, ƙafa ta 12 ba ta kai ɗaya bakin ba. Waya ce siririya mai arha, an rage mata zare a ciki. An canza ta da mai kauri, mai dunƙulen maganaɗisu a bakin nan biyu, nan take 1440 da 900 ya bayyana. Bayan haka an danna maɓallin AUTO na jikin allon don ya daidaita kansa da siginar, in ba haka ba rubutu yana yin inuwa a gefen dama.

Talata, 7 ga Janairu

Abin da aka gani da safe ya fi na jiya haɗari. Kwamfuta a kashe, an ma kashe makunnin bayan akwati, amma ɗan fitilar katin hoto tana ci kaɗan-kaɗan. Da aka zare wayar DisplayPort sai ta mutu. Wuta ce ke komowa daga allo zuwa cikin kwamfuta.

Bakin DisplayPort ƙafa 20 gare shi, kuma ta ashirin tana ɗauke da bolt 3.3 don ciyar da adafta. Kati yana bayarwa, allo ma yana bayarwa. Shi ya sa ƙa'idar ƙungiyar VESA, masu mallakar tsarin, ta ce waya ta yau da kullum kada ta haɗa ƙafa ta 20 daga baki zuwa baki. Wadda ke hannunmu ta haɗa. Irin wannan waya kan sa kwamfuta ta ƙi tashi wani lokaci, ko ta ƙi yin barci, kuma ba a rasa masu canza batirin madabod ko akwatin wuta a banza saboda ita. An ajiye ta gefe da alamar jan tef don kada ta sake komawa aiki, an sa wata mai tsawon mita 1.8 da aka tabbatar da mita cewa ƙafar a yanke take.

Da aka gama da waya sai saiti. Windows ta ɗora babban allo a kan 60 Hz, haka take farawa da yawancin allo sai an shiga Advanced display an ɗaga da hannu. Ba a kai shi 144 ba, an tsaya a 100. Bidiyon da ake tacewa a nan firam 25 ne a daƙiƙa, gadon tsarin talabijin na PAL da wutarmu mai 50 Hz. A kan 100 Hz kowane firam yana zama sau huɗu cif. A kan 144 ko 60 lissafin ba ya rabuwa daidai, wani firam ya daɗe wani ya gajarta, sai a ga kyamara tana ɗan tuntuɓe idan tana juyawa a hankali, mai tacewa ya yi ta neman laifi a bidiyon da ba shi da laifi.

Inci 24 kuma baƙinsa ya fito toka-toka kamar an shafa masa hazo. Wannan halin HDMI ne, wanda asalinsa na talabijin ne. Talabijin yana aiki da matakan haske daga 16 zuwa 235, allon kwamfuta daga 0 zuwa 255. Katin ya aika irin na talabijin. A manhajar katin, wurin Output dynamic range, an mayar da shi Full, baƙi ya koma baƙi.

Alhamis, 9 ga Janairu

Ranar awo. Faɗin tebur santimita 160 ne. Babban allo 61, na biyu 54, tsohon idan an tsayar da shi a tsaye kamar 30, lasifika kowace 18. Jimla 181. Ba za su jeru a layi ɗaya ba, kuma ko da tebur ya kai, bai kamata ba. Lasifika biyu da kan mai sauraro alwatika suke yi mai tsayin gefe ɗaya: nisan da ke tsakaninsu shi ne nisan kowace da kunne. Idan allo uku suka tura su ƙarshen tebur, muryar da ya kamata ta tsaya a tsakiya sai ta watse, a ji kamar rami a gaban mutum.

Saboda haka lasifika suka fara zaɓar wuri, allo suka biyo baya. Sun zauna dama da hagu na babban allo, santimita 85 tsakaninsu, an karkato su suna kallon kujera. An ɗora su a kan soso mai tauri har ƙaramin bakin sama mai fitar da siririn sauti ya zo daidai kunne, soson kuma yana hana tebur amsa rawar. Inci 24 ya hau sama da babban a kan doguwar sanda, an sunkuyar da shi kamar digiri 15. Tsohon ya koma can bayan lasifikar dama, a tsaye, don rubutun da ake karantawa da jerin fayiloli.

Ramukan ɗaure hannun rataya a bayan allo huɗu ne a tazarar milimita 100, sukuru M4. Waɗanda suka zo da hannun rataya milimita 10 ne da 16. A sa gajerun. Dogon yana iya wuce ramin ya taɓa abin da ke cikin allo. Hannun babban allon ya yi ta sunkuyawa har sai da aka ƙara wa sifirin ɗinsa ƙarfi da makullin alan, zagaye huɗu zuwa alamar ƙari, allon yana rataye ana ɗaurewa.

A cikin Display settings an ja hotunan allon uku sun yi daidai da zamansu a tebur, don linzami ya haura sama zuwa na biyu, ya fita dama zuwa na uku. Babban yana da ɗigo wajen 109 a inci, na biyu 92, tsohon 89, tazarar ba ta kai a bambanta musu girman rubutu ba. An bar su duka a kashi 100.

Asabar, 11 ga Janairu

An kunna lasifika, sai ga gunji. Ƙasa-ƙasa yake, ba ya tsayawa, ko an rage sautin kwamfuta zuwa sifili yana nan. A samansa akwai wani siririn kuka da ke bin linzami: a motsa shi ya yi tsiii, a tsaya ya yi shiru, a buɗe bidiyo ya canza murya. Biyu ne, kuma ba uwa ɗaya ta haife su ba.

Ba a sayi komai ba tukuna. An bi su ɗaya bayan ɗaya, ana cire abu guda a saurara. Lasifika ita kaɗai da wutarta, ba wayar sauti: shiru, sai ɗan huci da ba a ji sai an kai kunne. Lasifikar lafiya take ke nan. An jona ta da akwatin sauti, USB a cire: shiru. An sa USB: duka biyun suka dawo. An zare wayar VGA ta tsohon allo: gunjin ya ragu kamar da rabi. An zare HDMI: ya ƙara raguwa. Wato hayaniyar ta jikin ƙarfen na'urorin take yawo, ta rigar ƙarfe da ke lulluɓe da zaren wayoyin da suka haɗa su.

Da aka ɗauki gunjin aka duba a manhajar tace sauti, tsininsa yana kan 50 Hz, da 'ya'yansa a 100 da 150. Sa hannun wutar gida ke nan. Da rana an ɗauke wuta an tayar da janareta, sai muryar gunjin ta riƙa hawa da sauka, tana faɗuwa duk lokacin da firij ya tashi, domin injin yana rage gudu idan kaya ya yi masa nauyi. Wannan ya kawar da duk shakka.

Wayoyin da ke tsakanin akwatin sauti da lasifika irin na jita ne, kan milimita 6.35 mai baƙin zobe ɗaya. Zare ɗaya ne a ciki da riga, kuma rigar ita ce hanyar komawar sauti, duk dattin da ya hau ta ya shiga lasifika kai tsaye. Mai zobe biyu, TRS, zare biyu gare shi ban da riga. Akwatin yana aika sauti ta ɗaya, ɗayan yana tafe da shi kafaɗa da kafaɗa, lasifika kuma bambancin da ke tsakaninsu kawai take ɗauka. Hayaniyar da ta hau su a hanya iri ɗaya ce a kan duka biyun, sai ta soke kanta. An sa TRS biyu masu mita 1.5. Kukan linzami ya ɓace ɗungurungum. Gunjin ya ragu sosai amma da sauransa.

Laraba, 15 ga Janairu

Sauran gunjin daga bango yake. Tun ranar farko duk wanda ya taɓa bayan akwatin kwamfuta ba takalmi yana jin ɗan cizo a yatsa, an ɗauka irin tartsatsin hunturu ne da ke kama mutum a jikin ƙofar mota. Ba shi ba ne. Na hunturu sau ɗaya yake harbi ya wuce, wannan yana nan muddin hannu na kai. Mita ta nuna bolt 108 tsakanin jikin akwati da wayar nutural.

An buɗe soket. Ramin sama na fulogi mai ƙafa uku, na wayar ƙasa, babu komai a bayansa. Ginin waya biyu aka ja masa. A cikin akwatin wutar kowace kwamfuta akwai ƙananan kafasito da ke zubar da hayaniya zuwa jikin ƙarfe, da nufin wayar ƙasa ta kwashe. Idan babu ita, jikin akwatin yana shawagi a wajen rabin bolt 230. Ƙarfin bai kai ya yi illa ba a yadda yake, amma yana bin kowace riga ta waya yana neman mafita, ta USB, ta HDMI, ta VGA, har lasifika. Babban abin tsoro kuma shi ne ranar da wayar wuta ta taɓa jikin akwati a ciki: babu hanyar da za ta sa fis ya yanke, sai ta jikin mutum.

Akwai masu ba da shawarar a karya ƙafa ta uku ta fulogin lasifika don kashe gunji. A ginin da ke da wayar ƙasa dabarar kan yi shiru da gunjin, amma ta cire abin da ke tsare ran mai aiki. Kada a yi, ko da wasa.

An kira mai aikin wuta. Ya kafa sandar tagulla mai mita 1.8 a bayan ɗaki, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke bi, domin busasshiyar ƙasar rani ba ta karɓar wuta sosai, mai danshi ake nema. Ya ja waya mai launin kore da rawaya zuwa soket. Mita ta sauko ƙasa da bolt 2, cizon ya tafi. Sannan an tattara kwamfuta, allo uku da lasifika biyu a kan doguwar soket guda. Da can lasifikar hagu a wani bango take shan wuta, kuma na'urori biyu da ke kan soket daban-daban amma waya ta haɗa su, zobe ne aka ƙulla wa gunji. Yanzu sai an ƙure sautin lasifika an sa kunne a jikinta kafin a ji wani abu.

Asabar, 18 ga Janairu

Sauti ya ɓace sau biyu a makon nan bayan kwamfuta ta farka daga barci. Ba ɓacewa ya yi ba, ƙaura ya yi. HDMI da DisplayPort suna ɗaukar sauti tare da hoto, don haka kowane allo da ke kansu yana bayyana a matsayin lasifika, kuma idan ya riga akwatin USB farkawa sai a miƙa masa sautin. Inci 24 ba shi da ko lasifika a jikinsa. An danna maɓallin Windows da R, an rubuta mmsys.cpl, an kashe allon biyu a jerin Playback, an bar akwatin sauti shi kaɗai. A shafin Communications na wannan taga an zaɓi Do nothing, domin yadda yake zuwa yana rage duk wani sauti da kashi 80 idan ya ga kamar ana kira.

An daidaita komai a kan 48,000 Hz, wato awon sauti sau 48,000 a daƙiƙa, da bit 24: fita, shiga, manhajar akwatin, da manhajar tacewa. Sautin bidiyo 48,000 ne, 44,100 na faifan CD ne. Idan aka ɗauka da ɗaya aka karanta da ɗayan ba tare da juyawa ba, murya tana sauya da kusan kashi 9 cikin ɗari, ta yi kauri ko ta sirance, baki kuma ya rabu da magana.

Tagogi ma suna tarewa a allo ɗaya idan babban ya yi barci, domin DisplayPort kan sanar da kwamfuta kamar an zare shi. Windows 11 tana da wurin da za a ce ta tuna mazaunin tagogi, a ƙarƙashin Multiple displays. An kunna shi, an kuma kashe barci mai zurfi a menu na allon kansa.

Alhamis, 23 ga Janairu

Makirufo. Dainamik ba ya bukatar maɓallin 48V na akwatin sauti, mai tura wa makirufo wuta, na irin kondensa ne, an bar shi a kashe. Siginarsa ƙarama ce, sai da aka murɗa maɓallin ƙarfi ya wuce kashi uku cikin huɗu. Baki yana nisan yatsu huɗu daga kansa, an ɗan kauce gefe don iskar harufan b da f kada ta buge shi. Ana so magana ta yau da kullum ta riƙa taɓa 18 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti, ɗaga murya ta tsaya wajen 12 zuwa 6. Sautin da ya kai sifili ya fashe, babu manhajar da ke ɗinke shi ya koma yadda yake.

Mai magana ya ce yana jin kansa sau biyu a lasifikar kunne. Akwatin yana mayar masa da muryarsa kai tsaye, manhaja ma tana mayarwa bayan ɗan jinkiri. An kashe na manhaja.

Sai ƙaras-ƙaras da ke shiga ɗauka jefi-jefi, musamman idan bidiyo na tafiya a allo na biyu. Ma'ajiyar direban ASIO, manhajar da ke kai sauti tsakanin kwamfuta da akwatin sauti, tana kan 64, wato kwamfuta tana da milisakan 1.3 kacal ta cika kowane ƙunshi, in ta makara a ji tas. An ɗaga zuwa 256, milisakan 5.3, tunda mai magana ta akwatin yake jin kansa jinkirin bai shafe shi ba. An kuma ciro wayar akwatin sauti daga ramin USB na gaba da yake rabawa da faifan ajiya, an kai shi ramin baya na jikin madabod, an kashe USB selective suspend a saitin wuta. An ɗauki minti 40 a jere, ba a ji ko ɗaya ba.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Mitar soket ta nuna wat 410 lokacin da ake fitar da bidiyo da komai a kunne, wajen 150 a zaman banza. Na'urar riƙe wuta da aka kawo 1500 VA ce, amma a jikinta an rubuta wat 900, kuma wannan lambar ce abin lissafi. An zaɓi mai fitar da wuta mai santsi irin ta layi. Mai arhar da ke fitar da wuta mai matakala tana sa lasifika zuzu, wasu akwatunan wutar kwamfuta na zamani kuma kan mutu a daidai lokacin sauyawa. An gwada sau uku ta hanyar kashe babban makunni: allo ko ƙiftawa bai yi ba, lasifika ta yi ɗan ƙwas sau ɗaya. Batirin ya riƙe minti 11 da cikakken kaya, ya isa a adana aiki a tayar da janareta.

An manna takarda a gefen tebur: lasifika ce ƙarshen kunnawa, ita ce farkon kashewa. In aka saɓa, bugun da akwatin sauti ke yi lokacin tashi yana fita da cikakken ƙarfi.

Ƙurar wata guda ta riga ta toshe ragar gaban akwati, zafin katin hoto ya hau daga digiri 68 zuwa 76. An wanke ragar, an shanya ta bushe sarai kafin a mayar. Za a riƙa yi duk mako biyu har iska ta lafa.

Abu biyu suka rage. Farin inci 24 ya fi na babban shuɗi, an sa su duka a kan 6500K a saitin launin fari amma ido yana ganin bambanci, sai an samo na'urar awon launi. Kafin nan ba a yanke hukuncin launi sai a babban allo. Na biyu shi ne ɗakin kansa: bangon siminti, daɓen tayil, a tafa hannu a ji ƙarar tana kai da komo tsakanin bango biyu. An auna bangon dama da hagu, an sa madubi an gano inda sautin kowace lasifika ke fara bugawa kafin ya iso kunne, an yi alama da alli a santimita 120 daga ƙasa. Kafinta zai haɗa firam huɗu na tsotse ƙara, 60 da 120, kaurin santimita 10, a cika su da ulun dutse a rufe da yadi mai barin iska ta wuce. Darduma mai kauri za ta zo ranar Litinin, za a sake ɗaukar tafin a kwatanta da na yau.